Ɗan Bello: Malamin makarantar da ke faɗin gaskiya cikin raha

Duk wanda ya zaga kasuwar Keita ko ta Tamaske da rana tsaka, lokacin da ciniki ya ɗan lafa, ba zai rasa ganin mutum huɗu ko biyar sun haɗa kai a ƙarƙashin rumfa ɗaya sun zuba wa salula guda ido ba. Can sai ka ji an kwashe da dariya, wani ya tafa, wata ta riƙe baki, kafin wani lokaci kuma dariyar ta koma tsaki da girgiza kai. Sau da yawa idan ka leƙa, za ka tarar wani Bakano ne a cikin wayar yana zuba zance, wanda jama'a suka fi sani da suna Ɗan Bello.

Mu da muke aikin gidan rediyo, tambayar wannan bawan Allah ta daɗe tana iske mu. Masu saurare kan kira su ce a gaya masu ko wane ne shi, a ina yake zaune, kuma me ya sa ba ya jin tsoro. To amma kiran da ya fi tsaya mana a rai shi ne na wata baiwar Allah mai sayar da kayan miya, wadda ta shaida mana cewa ɗanta ya daina raka ta kasuwa, ya kuma fara wasa da zuwa makaranta, wai shi ma ɗan barkwancin intanet zai zama, har yana matsa mata ta sayar da akuyarta ta saya masa babbar waya. Ta ce mu ba ta shawara, shin wannan abu sana'a ce ko kuwa shiririta?

Saboda wannan uwa da ire-irenta ne muka ga ya dace mu kawo wa masu karatu tarihin wannan mutum, da yadda sana'ar take, da ribarta da kuma haɗarin da ke cikinta, domin kowa ya auna da kansa.

Wane ne Ɗan Bello?

Ainihin sunansa Bello Galadanci, sunan da ke nuna asalin gidansu a cikin birnin Kano. An haife shi a shekarar 1987 a jihar Pensilbaniya ta ƙasar Amurka, amma a arewacin Najeriya ya tashi, wanda hakan ne ya sa idan yana magana ba za ka ji wani ɓirɓishin baƙunta a Hausarsa ba. Daga baya ya koma Amurka inda ya yi karatu a jami'ar Bucknell, ya kuma koyi harkar ɗaukar hoto da shirya fim.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, kafin ya zama ɗan barkwanci, abokin aikinmu ne, wato ɗan jarida. Ya yi aiki a Sashen Hausa na Muryar Amurka da ke birnin Washinton, tashar da iyayenmu suka daɗe suna kamawa da asuba da kuma dare. Duk wanda ya taɓa zama gaban makirfo ya san abin da wannan aiki yake koya wa mutum: yadda za ka tattara labari mai tsawo ka faɗe shi cikin minti biyu, da yadda ba za ka furta magana ba sai ka san inda ka samo ta.

Bayan aikin jarida sai ya nufi ƙasar Sin domin ƙaro ilimi, inda ya kai ga samun digirin digirgir a fannin ilimi, ya kuma zauna yana koyarwa. Daga can ƙasar Sin ɗin ne ya riƙa sakin gajerun bidiyoyin da suka fito da sunansa a Facebook da TikTok da sauran kafofi. Ke nan mutumin da muke gani yana kwaikwayon muryoyi yana ba mu dariya, ya shafe shekaru masu yawa a aji, yana ɗalibi kuma yana malami, kafin duniya ta san fuskarsa. Wannan shi ne abu na farko da muke so uwar yaron nan ta gaya wa ɗanta.

Abin da ya sa maganarsa ta shiga

Masu barkwanci a intanet ba su ƙirguwa, to me ya bambanta Ɗan Bello? Abu biyu ne a ganinmu, salo da kuma lokaci.

Ta fuskar salo, yakan ɗauki maganar da aka saba ji a bakin manyan ƴan boko, kamar kasafin kuɗi da kwangila da bashin da ake ciyowa daga waje, ya sauko da ita cikin Hausar da mai tallan goro zai gane. Wani lokaci ya fito a matsayin babban mutum mai cin dukiyar jama'a yana yabon kansa, wani lokaci ya sa waƙa, wani lokaci kuma ya nuna takarda da alƙaluma. Yakan yi amfani da gatse ƙwarai, wato ya yabi abin da yake nufin kushewa, har sai mai kallo ya gama dariya sannan ya gane cewa da shi ake. Ɗan kasuwa kuwa ba a koya masa lissafi. Idan aka ce masa an ware kaza, an kashe kaza, aiki kuma ba a gani ba, nan take ya san an yi ha'inci, kamar yadda zai gane idan yaron shagonsa ya kawo masa ciniki da giɓi.

Ta fuskar lokaci kuma, sunansa ya bazu ne a daidai lokacin da talaka yake neman wanda zai faɗa masa abin da ke cinsa. A ranar 29 ga Mayu 2023 shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur a Najeriya, darajar naira ta faɗi, farashin abinci ya tashi. Mu ma nan ba mu tsira ba, domin bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 an rufe iyaka, sai a watan Maris 2024 aka sake buɗe ta. Masu kai albasa daga Galmi da Madawa da Tamaske ta hanyar Ƙonni da Illela sun san irin asarar da suka tafka, haka ma matan da mazajensu ke bida a Najeriya, waɗanda suka ga kuɗin da ake aiko masu ya zama ba ya sayen rabin abin da yake saye a da idan aka canza shi zuwa sefa. A watan Agusta 2024 aka yi zanga-zangar tsadar rayuwa ta kwana 10 a Najeriya, kuma a wannan tsakani bidiyoyin Ɗan Bello sun yi yawo daga waya zuwa waya, har suka iso hannun masu cajin salula da masu tura finafinai a kati a ƙauyukanmu.

Ranar da raha ta tayar da bincike

A cikin watan Agustan 2024 ɗin ne ya fitar da wani bidiyo inda ya yi zargin cewa an umarci ƙananan hukumomi 44 na jihar Kano kowace ta biya kimanin naira miliyan 10 ga kamfani guda domin sayen magunguna. Maganar ta yi ƙarfi har gwamnan jihar, Abba Kabir Yusuf, ya fito ya ce ba da saninsa aka yi ba, ya kuma umarci hukumar karɓar ƙorafe-ƙorafe da yaƙi da cin hanci ta jihar, wadda Muhuyi Magaji Rimingado ke shugabanta a lokacin, da ta binciki lamarin. Aka gayyaci jami'ai suka amsa tambayoyi.

Mai karatu ya duba wannan al'amari da kyau. Mutum ɗaya, da waya da takarda, daga wata ƙasa mai nisa, ya sa gwamnati ta yi magana. Da ihu kawai ya yi ko zagi, da ba wanda zai kula shi. Abin da ya ba maganar nauyi shi ne ta zo da adadi da sunan wuri, irin abin da za a iya bi a tabbatar ko a ƙaryata.

Bugu da ƙari, bai tsaya ga suka kaɗai ba. Ya riƙa tara gudummawa daga masu bibiyarsa ana gina rijiyoyin burtsatse da gyara azuzuwan makarantu a wasu garuruwan arewacin Najeriya, yana kuma nuna wa jama'a abin da aka kashe. Wannan ma wani habaici ne da ba ya bukatar magana, domin duk wanda ya ga aikin da ƙaramin kuɗi ya yi, dole ya tambayi inda manyan kuɗi suke shiga.

Sai dai kuma ba kowa ne ke yaba masa ba. Akwai masu cewa yana zaune nesa yana zuga na gida, akwai masu ganin yana da ɓangaren da yake karkata, wasu kuma na cewa yana wuce gona da iri wajen taɓa manya. Mu dai abin da za mu ce shi ne, ɗan barkwanci ba alƙali ba ne, kuma zargi yana nan a matsayin zargi har sai an tabbatar da shi. Kamar yadda ba ka sayen buhun gero sai ka soka hannu ka ga ƙwayar, haka ya kamata a yi wa duk maganar da ta fito daga waya, ko daga bakin wa ta fito.

Gado ne, ba baƙon abu ba

Hausawa na cewa da wasa ake faɗa wa wawa gaskiya, kuma tun kafin a san wani abu wai shi intanet muna da masu wannan aiki. Ƴan kama sun daɗe suna zaga kasuwanni suna kwaikwayon karatun malamai da zancen tuwo da nama, jama'a na dariya suna ba su abin da ya samu. Muna da wasan taubasai da wasan da ke tsakanin ƙabilu, kamar na Fulani da Barebari ko na Gobirawa da Zabarmawa, inda mutum zai gaya wa abokin wasansa magana mai zafi a rabu ana dariya. Wannan al'ada tamu ta Nijar har hukumar UNESCO ta sanya ta cikin jerin kayan gadon ɗan Adam a shekarar 2014.

Da rediyo da talabijin suka zo, sai Yazi Dogo da ƙungiyarsa suka ɗauki wannan salo suka shigar da shi wasan kwaikwayo, a Najeriya kuma aka yi su Samanja da Ƙasimu Yero. Zamanin kaset ya kawo marigayi Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu ranar 10 ga Disamba 2014, wanda kuma har gobe ba a daina kallon finafinansa a gidajenmu ba. Muna kuma da ɗan ƙasarmu Mamane, haifaffen Agadas a 1966, wanda ya yi suna a gidan rediyon Faransa da wata ƙasa da ya ƙirƙiro ya sa mata suna Gondwana. A wannan ƙasa ta tatsuniya yakan zuba duk halayen shugabannin da ba su son sauka daga mulki, ba tare da ya kama sunan kowa ba, amma kowa ya san inda aka dosa.

Nan ne hikimar take. Bahaushe ya bambanta habaici da zambo da kuma zagi. Mai habaici yana jifan hali, mai tsarguwa ya tsargu. Mai zagi kuwa mutum yake kamawa da suna ya ci mutuncinsa da na iyayensa. Yawancin yaran da ke ɗaukar waya yau ba su san wannan bambanci ba, shi ya sa suke faɗawa rami.

Baki shi ke yanka wuya

A shekarar 2008 kotun tafi-da-gidanka da ke aiki da hukumar tace finafinai ta Kano ta yanke wa Ibro hukuncin ɗaurin wata biyu, duk da irin farin jinin da yake da shi. A watan Nuwamba 2022 kuma wata kotun majistare a Kano ta samu wasu samari biyu masu barkwanci a TikTok da laifin ɓata sunan gwamnan wancan lokaci, Abdullahi Umar Ganduje, inda aka yanke masu bulala 20 kowannensu, da tara, da sharar harabar kotu na kwana 30. Ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam sun yi tir da hukuncin, amma bulala ta riga ta hau jiki.

Kada wani ya ce ai wannan a Najeriya ne. A nan Nijar muna da dokar hukunta laifuffukan intanet tun shekarar 2019. A 2022 an yi mata gyara aka cire ɗauri a kan laifin zagi da ɓata suna, amma a watan Yuni 2024 Janar Abdurahaman Tiani ya sa hannu a kan wani sabon gyara da ya maido da ɗaurin. Wanda aka samu da laifin zagi ko ɓata sunan wani ta waya ko intanet yana iya shan ɗaurin shekara 1 zuwa 3 da tarar sefa miliyan 1 zuwa 5. Yaɗa abin da ka iya tayar da hankalin jama'a kuwa, hukuncinsa shekara 2 ne zuwa 5.

Iyayenmu mata da ƴan'uwa ƴan kasuwa, a lura da kalmar yaɗawa. Ba wanda ya shirya bidiyo kaɗai ne abin ya shafa ba, wanda ya tura shi a zauren WhatsApp na ƴan kasuwa ko na dangi shi ma ya sa hannu. Ɗan Bello ya yi yawancin maganganunsa ne yana ƙasar Sin, ga ilimi, ga takardun zama ɗan ƙasa biyu, ga dubban mutanen da za su yi magana idan wani abu ya same shi. Yaron da ke Ibohaman ko Garhanga ko Buza ba ya da ko ɗaya daga cikin waɗannan, ranar da aka zo kama shi uwarsa ce za ta rufe rumfa ta bi sawu.

To ina kuɗin yake?

Labarin da ke ruɗar yara shi ne irin na Khaby Lame, wanda aka haifa a Senegal a shekarar 2000, aka tafi da shi Italiya yana jariri. A watan Maris 2020, lokacin annobar korona, ya rasa aikinsa a wata masana'anta da ke kusa da birnin Turin, sai ya fara yin bidiyo yana nuna yadda mutane ke wahalar da kansu a kan abu mai sauƙi, ba tare da ya furta ko kalma ɗaya ba. Zuwa watan Yuni 2022 ya zama wanda ya fi kowa yawan mabiya a TikTok a duniya, kuma a farkon 2025 hukumar UNICEF ta naɗa shi jakadanta. Labari ne mai daɗin ji, amma hangen Dala ba shiga birni ba ne. A bayan mutum ɗaya irinsa akwai miliyoyin da suka ƙone kuɗinsu a sayen kiredi ba su samu ko dala ba.

Gaskiyar magana ita ce yawan kallo ba shi ne kuɗi ba. Tsarin da TikTok ke biyan masu bidiyo gwargwadon yawan waɗanda suka kalla, ba a buɗe shi ga masu zaune a Nijar ba. YouTube kuma kafin ya fara raba kuɗin talla da mutum sai ya tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin shekara guda. Abin da ya fi kawo wa masu barkwancin ƙasar Hausa kuɗi shi ne tallan hajar ƴan kasuwa, da gayyatar biki, da kyautar masoya. Wato dai a ƙarshe daga aljihunku ne abincinsu yake fitowa.

Tunda haka ne, kuna da ta cewa. Duk ɗan kasuwar da zai ba ɗan barkwanci talla, ya fara tambayar inda masu kallonsa suke, domin mai sayar da atamfa a Madawa ba abin da mabiya dubu ɗari da ke Ikko za su ƙara masa. A yi ciniki a fili gaban shaidu, a faɗi sau nawa za a sa tallan da kuma kwana nawa zai yi, kada kuma a biya duka sai an ga aiki. Sannan a duba halin mutumin, domin wanda ya saba zagin mutane ko fitar da tsiraici, duk ranar da ya jawo wa kansa magana, sunan shagonka yana cikin bidiyonsa.

Amsarmu ga uwar yaro

Hajiya, ba mu ce ki hana shi ba, domin baiwa ce Allah Yake ba wanda Ya so, kuma ƙasar Adar ba ta rasa abin faɗa ba. Yaron da ya tashi a Keita yana da labarin kakanninsa mata da suka ɗauki duwatsu a ka, suka dasa miliyoyin itatuwa a aikin Furoje Keita da aka fara a 1984 da tallafin ƙasar Italiya, a lokacin da maza suka tafi bida. Yana da labarin ɗan bida da ya dawo daga Abijan da rediyo da tabarau amma aljihu wayam, da na dillalin albasa, da na mai awo da tiya biyu, ɗaya ta saye ɗaya ta sayarwa. Waɗannan duk abin dariya ne kuma abin gyara, ba kuma sai an kama sunan kowa ba.

Amma akuya kam kada ki sayar. Ki gaya masa wanda yake son ya kwaikwaya sai da ya yi karatu har ya ƙure shi, ya yi aikin albashi, ya riƙe alli, sannan ya tsaya gaban kyamara, kuma ko bayan ya yi suna bai dogara da dariyar mutane ta ciyar da shi ba. Ya koma makaranta, ranar kasuwa ya zo ya taya ki awo, domin a bakin rumfar nan ne zai ji irin maganganun da ba a samu a intanet. Idan ya tara na kansa ya sayi wayar, zai fi sanin darajarta.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya sa albarka a kasuwa, Ya kuma tsare mu daga sharrin bakinmu da na yatsunmu. Amin.